Ranar da Na Kwance Kujerar Bindiga

Na kama mamurɗin kujerar bindigar da hannun hagu na yi ta juya shi baya, ina juyawa ina juyawa, har gindin bindigar ya sauka ƙasa, bakinta ya ɗaga shina kallon rassan dalbejiya. Na kama na gefe shi ma na kai shi ƙarshe. Sannan na tofa miyau a bakin zanena na goge duk alamun allin da surukina ya zana a jikin ƙarfen tun da hantsi.

"Inna, ai an riga an daidaita miki," in ji alƙalin wasa. Tsohon malamin makaranta ne, shi ke ƙirga maki.

"Na gani, Malam. Shi ya sa na kwance."

Daga bayana taubashina ya fashe da dariya. "Jama'a ku duƙa! Baiwata za ta harbo muna jirgin Makka."

"Kai dai riƙe haƙoranka biyun da sunka rage, kada dariya ta zubar da su."

Shi wanga taubashi ɗan kawuna ne, maharbi daga wajen Faru, tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa munka rabu ba a yi cacar baki ba. Kuma bakinshi ne ya jawo abin da na yi. Asabar ɗin da ta wuce, da na kada shi da maki huɗu, ya tsaya a tsakiyar mutane ya ce, "Wa ta kada? Ƙarfe ka harbi, suruki ka saita ƙarfe. Ita nata taɓa kunama. Ko akuya anka zaunar nan ta taɓa." Anka yi dariya, ni ma na yi, don maganar taubashi ba a fushi da ita. Amma da na koma gida tuwo ya ƙi wucewa, don ƙaton bai yi ƙarya duka ba.

Bari in faɗi yadda wasan yake, don wanda bai taɓa gani ba. Bayan wani injin casar shinkafa a Talata Mafara akwai fili mai katanga. Nan surukina, wanda suke kira Injiniya, da abokanshi, yawancinsu tsofaffin ma'aikatan ruwa na Bakolori da sunka aje aiki, sunka gina tebur biyu na siminti. Sai da sunka sha zirga-zirga wajen hukuma kafin a bar su, don a ƙasarmu yanzu ko taɓarya ka saɓa sai an tambaye ka ina za ka. Bindigar iska ce, babu albarushi, da famfo ake ɗura mata iska awa tayar keke, harsashinta ɗan dalma ne bai kai ƙwayar wake ba. Can gaba, taku talatin, ake liƙa takarda mai zobe goma. Kowane zobe harbi ɗaya. Ka sami ɗigon tsakiya maki goma ne, ka kauce maki ya ragu.

Kuma ba a riƙe bindigar. Gabanta a kan jakar yashi yake kwance, gindinta kuma a kan wanga ƙarfe da na kwance. Faranti ne mai ƙafa uku, a samanshi kunnuwa biyu na fata da ƙotar bindiga ke zama tsakaninsu, sai mamurɗi biyu, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na dama da hagu. Surukina a waya ya gani, ya zana a takarda ya kai wa mai walda, anka yi da haƙorin jak ɗin mota, baduku ya ɗinka kunnuwan. Su suna da sunan da suke kiranshi da Turanci. Ni kujerar bindiga nake ce mishi, tun da zama take yi a kai.

Ni ba a kan tebur na fara harbi ba. A ƙauyenmu na ƙasar Maradun ubana ba shi da ɗa namiji da ya rayu, ni ce mai bin shi fadama, ni ce mai majajjawa. Da anka kai ni aure Bakura, ruwan dam ya kawo shinkafa, shinkafa ta kawo tsuntsu. Mai gidana, Allah shi jiƙan shi, ya sayo wata tsohuwar bindigar iska mai karyawa don kurciya da jan-baki, ya yi sati shina harbin sama, ya tura ta ƙarƙashin gado. Na jawo ta. Shekaru ina bakin gona da ita da goyo a bayana. Matan unguwa suna cewa na zama namiji, amma ba wadda ta taɓa maido da naman kurciyar da na aika mata.

Bayan ya rasu, ɗiyata ta fari ta ɗauko ni ta kawo ni Mafara wajenta. Nan na shiga ajin tsofaffi na koyi wanga rubutu da furfurata. Nan kuma hannu ya fara rawa. In na ɗauki kofin shayi rabi ke isa baki. Na ce to, ni da bindiga mun yi sallama.

Sai wata Asabar na tambayi ɗiyata ina mijinta ke zuwa da doguwar jaka, ta faɗa mini. Na sa hijabi na tari mai keke na bi sawu. Asabar uku ina zaune a gindin katanga ina kallo, ba wanda ya iya korata, ba wanda ya ce matso. Abin da na gani shi ne duk wanda ya saba da bindigar ɗuri, irin su taubashina, sai ya rungume wagga ma ya danna ta a kafaɗa shina jiran ta yi shuri. Ita kuwa ba ta shuri. Rungumar ce ke kai harsashi daji. Wanda ya bar ta a kujerarta ya taɓa kunama da kan yatsa, shi ke ci. Na ce ashe wanga wasa na masu rawar hannu ne. Asabar ta huɗu na ce wa Malam a ba ni in gwada. Harbin farko na sami takwas.

To a nan surukina ya shigo da tashi matsalar. Ya haura shekara talatin shina auren ɗiyata, bai taɓa kallon fuskata ba. In ya zo gaishe ni takalmi a ƙofa, ya durƙusa can nesa shina gaida ƙasa. Ko goro bai taɓa ci a gabana ba. In shina da magana, ɗiyata ce 'yar aike. Haka al'ada take, ban ce ba ta da kyau ba. Amma wagga kunyar ce ya kwaso ya kawo filin harbi. Ba shi iya hana ni, ba shi iya tsayawa a yi mini dariya. Sai ya riƙa riga ni zuwa, ya zauna a teburina, ya saita kujera a kan zoben farko, ya bi mamurɗi da alli: nan zobe na biyu, nan na uku, har goma. In na iso sai in tarar da komai a shirye awa tuwon biki. Ni kuwa na yi shiru na yi ta ci har wata uku. Wannan laifina ne, ba nashi ba.

Ranar da nake ba da labari ita ce ta cin zakara. Mai injin casa ya kawo wani jan zakara ya ɗaure a ƙafar benci, ya ce na wanda ya ci ne. Tun safe ake faɗuwa ɗaya ɗaya, har anka rage mu biyu, ni da surukina. Ba ni ɓoyewa, zagayen da sunka kawo ni nan duk da allinshi na harbe su. Na ƙarshen ne na ce ko in harba da kaina ko in san ban iya ba.

"Minti ashirin ne, Inna," in ji Malam. "In lokaci ya cika, zoben da ba ki harba ba sifiri ne."

"Ka dai duba agogonka."

Na sa ido a madubin bindiga, ban ga komai ba sai ganye. Abin da ke ruɗa maza a wajen ga shi ne kujera a baya take. In kana son baki ya sauka, gindi za ka ɗaga. In kana son ya tafi dama, hagu za ka tura. Taubashina har yau sai ya juya baibai sau biyu kafin ya tuna. Ni kuwa na ja jigo a fadamar ubana tun ba a san za a yi dam ba. Wanda ya ja jigo ya san sai curin lakar baya ya hau sannan guga ke sauka ruwa. Na fara murɗawa. Ganye ya wuce, kan katanga ya zo, bulo ya zo, sai ga farar takarda. Na lalubo zoben farko, amma na zarce shi kaɗan, sai na dawo da mamurɗi baya har layukan madubi sunka gitta a kan ɗigo. Na taɓa kunama.

Harsashi ya tafi sama. Bakwai.

"Alhamdu lillahi, gaskiya ta fito!" in ji taubashina. "A maido alli, jama'a, a taimaki marainiya."

Na shiga tunani. Ɗigo shina tsakiya sa'ad da na taɓa, to mi ya ɗaga baki? Na ɗora yatsa a kan ƙota na danna kaɗan, sai na ji kujera ta ƙara nutsawa, ɗan abin da bai kai kaurin farce ba. Ashe haƙorin jak shina da wasa. In ka ɗaga ka dawo ƙasa, ba shi zama daram, sai nauyi ya hau shi sannan ya ƙarasa zama. Allin surukina kullum hanya ɗaya yake bi da ni, shi ya sa wata uku ban taɓa sanin wanga hali na ƙarfen ba. Daga nan in na zarce, sai in sauka sosai in sake hawowa a hankali. Ya ci mini lokaci, amma bai sake yaudarata ba.

Saura iska. Ana kafa karan dawa uku tsakanin tebur da takarda, a ɗaura musu tsumma. Ranar iskar daga hagu take, ta wajen kwatar ruwa, tana taso tana kwanciya. Na biyu na yi gaggawa na harba tsumma a tashe, ya kauce dama, takwas. Na uku tara. Daga nan na riƙa jiran tsumma ya kwanta awa yadda nake jiran kurciya ta sauke kai ta ci. Goma. Goma.

Ina cikin na shida na lura teburin surukina ya yi shiru. Tun farko ina jin tas, tas nashi a tsare, sai ya ɗauke. Na saci kallo ta gefen hijabi. Na ga hannunshi a kan mamurɗin gefe, bakin bindigarshi ya karkato wajen takardata. Makina yake ƙirgawa. Can ya maida ta, ya harba huɗu a jere ko jiran tsumma bai yi ba, ya tashi ya koma gindin katanga.

Na ƙarasa nawa saura minti ɗaya. Anka ciro takardu, Malam ya sa gilashi ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Injiniya tamanin da tara. Inna tis'in da ɗaya. Inna ta ci!"

Anka ɗau tafi, wani ya yi guɗa da muryar maza. Mai injin casa ya nufi zakara.

"Bar shi nan," na ce. "Malam, ba ni takardun duka biyu."

Na shimfiɗa su a kan tebur gefe da gefe. Na ce, "Malam, iskar yau ina ta nufa?"

"Daga hagu zuwa dama, Inna."

"Nawa da sunka kauce, ban da na farko, ina sunka faɗa?"

Ya duba. "Dama."

"To duba huɗun ƙarshe na wancan."

Ya duba, ya cire gilashi ya goge.

"Faɗi mana. Ko teburinshi iskarshi daban ce? Mutum ya yi shida a tsakiya, sannan huɗu su tafi hagu suna faɗa da iska?"

Sai na juya na yi abin da ban taɓa yi ba. Na dubi surukina ido cikin ido, ko in ce ido cikin hula, don nan take ya zube ƙasa ya sunkuyar da kai.

"Injiniya, da kai nake."

"Na'am, Inna."

"Mi ya sami huɗun ga?"

"Hannu ne ya kuskure, Inna."

"Sau huɗu, waje ɗaya, a jere awa dashen albasa?"

Ya shiga tonon ƙasa da yatsa. Can ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Inna, a yi haƙuri. Ina zan sa kaina in anka ce na kada uwar matata a gaban jama'a?"

"Nawa kan fa, ina ka sa shi? Mutum biyu ake bari su ci wasa, yaron goye da wanda kanshi ya taɓu. Wanne ka ɗauke ni?"

"Subhanallahi, Inna."

Mutane sunka taso da ban baki. Wannan ya ce Inna kunya ce, wancan ya ce girma ne ya ba ki, ba kowace ke samun suruki irin wanga ba. Malam ya ce a doka dai abin da ke takarda shi ne maki. Taubashina ya leƙo ta kafaɗar Malam ya ce, "Karɓi zakaranki, baiwata. Sadaka ba ta da ƙaya."

"Kun ji ko?" na ce. "Abin da za a yi ta faɗa ke nan daga nan har Faru. Da an ce ƙarfe, yanzu a ce sadaka. Ni ban zo nan neman girma ba, girma ina da shi a gida, har ya yi mini yawa. Na zo in san ko na iya. A sake. In ba a sake ba, yau a Bakura zan kwana, ɗakin mijina bai faɗi ba. Shi ya je ya faɗa wa matarshi abin da ya kore ni."

Wannan ta shige shi, na ga kafaɗarshi ta motsa. Amma ya ce, "Wallahi Inna, in ina ganinki hannuna ba shi yarda."

"To ba ka ganina."

Akwai babbar tabarmar da suke sallar azahar a kai, tana naɗe a jikin katanga. Na ce a ɗauko. Anka kafa sanda biyu tsakanin teburan anka rataya ta, ta raba mu. Na ce a kai takardarshi can ƙarshen katanga, tawa can ɗaya ƙarshen, yadda ko ya murɗe ƙarfen duka ba ya hango ta. Malam ya ce zobe biyar biyar, minti goma, don rana ta take.

Na yi magana ta cikin tabarma. "Injiniya."

"Na'am, Inna."

"Ka ɗauka wancan ƙaton na Faru ne zaune nan. Kuma in na ga rami ɗaya ya yi faɗa da iska, ban yafe ba."

Sai na ji ƙarar famfo, shina ƙara wa bindigarshi iska.

Tun da takarda ta matsa, sai da na ɗaga kujerar gaba ɗaya na sake mata wajen zama, na daddanna ƙafafunta uku har ta daina motsi. Hannuna shina rawa a kan mamurɗi, amma rawar ba ta hana juyi, tana dai sa a yi a hankali. Na hawo daga ƙasa, na tsaya, na jira tsumma. Tara. Ta bayan tabarma na ji tas. Na biyu goma. Zufa ta shiga mini ido, na share da hijabi ban taɓa ƙota ba. Na uku iska ta taso daidai da yatsana, na riga na taɓa, tara. Zakara kaɗai ke fisge-fisge a ƙafar benci. Na huɗu tara. Na biyar na daɗe a kanshi, tsumma ya ƙi kwanciya, Malam ya fara gyaran murya, sai na ɗan kai layin madubi hagu da ɗigo na bar wa iska sauran. Tara.

Anka ciro takardu. Malam ya ƙirga tawa ya ce arba'in da shida. Ya ɗauki ta surukina ya daɗe shina kallo.

"Faɗi da ƙarfi, Malam, kunnena ba shi da kyau."

"Arba'in da tara."

"Miƙo."

Na duba da kaina. Huɗu a tsakiya, har ɗigon ya ɓace. Ɗaya ya kauce kaɗan, kuma dama ya kauce.

"To," na ce. "Wanga shi ne harbi."

Taubashina ya ɗauki tawa ya ɗaga ta sama shina leƙen ramukan. "Arba'in da shida, babu alli," ya ce. "Hala aljanun fadama ne."

"Kai ka taɓa yin arba'in da biyar, da aljanu ko babu?"

Anka kwashe da dariya, ya aje takardar ya shiga neman goro a aljihu.

Surukina bai fito daga bayan tabarma ba. Malam ya kira shi har sau biyu. Na dafa tebur na miƙe, na je na kwance zakaran da kaina, na riƙo shi ta ƙafa na zagaya. Na same shi durƙushe a gefen tebur, ya cire takalmi, kai a ƙasa. Na miƙa mishi, ya ƙi ɗago hannu. Sai na ɗora mishi shi a cinya.

"Riƙe ƙafafun, shina karta."

Ya riƙe.